Halfa akwai tafki kam, amma ƙirjinka nake ji

Wa alaikumus salam ƙanena. Saƙonka ya shigo tun shekaranjiya, netwok ne ya hana ni amsawa. Ka ce kana so ka baro Yauri ka zo Wadi Halfa, ko kamun kifi ko wajen zinare, kana tambaya ya yanayin garin yake tunda kana fama da asma tun kana yaro, kuma wai an ce maka gari ne na bakin ruwa mai iska mai daɗi kamar Kainji. To bari in faɗa maka abin da idona ya gani, shekarata shida a nan.

Ruwa kam akwai shi, babba ma. Nan ɓangaren Sudan ana ce masa tafkin Nuba, can Masar kuma Nasir, madatsar Aswan ce ta tara shi har ya cinye tsohon garin Halfa a 1964 aka kwashe mutanen zuwa Sabuwar Halfa can wajen Kasala. Amma kar ka ɗauka irin bakin ruwanmu ne mai ciyawa da gonakin albasa, nan kana barin gaɓa da taku kaɗan sai yashi da baƙin dutse iya ganinka. Damina babu ita, sai a shekara a kuma shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Shi ya sa ruwan da aka yi a arewacin Sudan a watan Agustan 2024 ya zama masifa, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa don ba a gina su don ruwa ba, kunamu suka fito.

Zafi yana kamawa tun Afrilu, daga Yuni zuwa Agusta kuwa ya wuce digiri 40 kusan kullum, busasshen zafi wanda ba ka ganin gumi a jikinka amma ruwan jikinka yana ƙarewa, sai ka ji kai na sarawa. Mu nan daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar rakuba muke shiga, wato rumfa, kusa da randa. Wannan za ka iya da shi, ɗan Kebbi ba a koya masa zafi.

Sanyin ne ya ba ni mamaki. Na zo ba bargo, ina cewa wane sanyi a hamada, ai kuwa Janairun farko da iskar arewa ta taso ta kan ruwa cikin dare wallahi buhu na shimfiɗa na rufa da wani buhun, da asuba hannuna ya kasa kama igiyar koma. Mutanen nan suna ce wa sanyin sagaɗ. Da rana kuma rana ta buɗe tarwai kamar ba a yi ba. Wannan sauyin na dare da rana shi ke fara tayar da tari.

Yanzu ga inda nake so ka natsu ka karanta. Akwai wani ƙwaro a bakin Nilu da ake kira nimitti, ƙanƙani ne, bai kai sauro ba, kore-kore, ba ya cizo shi ya sa baƙo ke raina shi. Lokacin sanyi yake fitowa, kamar daga Nuwamba har wajen Maris, da magariba ta yi sai ka gan su sun yi gungu a kan fitila kamar hayaƙi, suna faɗa maka cikin shayi, suna shiga hanci da ido. Da safe ka share su tuli a ƙarƙashin kwan lantarki, su bushe su zama gari iska ta kwasa mutane su shaƙa. Likitoci sun daɗe da sanin yana tayar da asma da mura a garuruwan bakin kogin nan, su mutanen gari azma suke ce wa ciwon. Akwai wani yaro ɗan wajen Haɗeja da muka zauna ɗaki ɗaya, lafiyayye da bazara, sanyi na shigowa sai ya koma kwana a zaune ya jingina da bango, ƙirjinsa na fito kamar usur, ni da kaina na ɗauke shi a raksha, wato Keke Napep, zuwa asibiti ƙarfe biyun dare. Da ya warware sai ya tattara ya koma nesa da ruwa. Kuma ka san mai kamun kifi a bakin ruwa yake kwana, da fitila.

Sai ƙura. Ba irin hazon hunturunmu ba ne da ke sauka a hankali, nan kataha suke cewa, iska ce ta taso da yashi garin ya yi ja, ka rufe ƙofa da taga amma ka tashi da ƙasa a haƙori. Ta fi yawa lokacin da sanyi ke fita zafi na shigowa.

Maganar zinare kuwa dan Allah ka cire ta a ranka. Wajen injinan niƙa dutse ƙura ce fara fat daga safe har dare, sannan da zaiba ake kama zinaren a ƙona ta a wuta, hayaƙin ba ya wari sosai shi ya sa yara ke tsayawa a kansa suna leƙe, alhali yana cin huhu da ƙoda da jijiyoyi. Mai lafiya ma ina hana shi balle kai.

Ga kuma halin da ƙasar ke ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 Halfa ta cika da masu jiran bizar Masar, haya ta yi tsada, magani ya yi tsada, wuta ana ɗaukewa. Abin shaƙa na asma, bakhakh suke ce masa, wani lokaci sai ka zaga famasi uku kafin ka samu. Hanyar Darfur kuma ko da wasa kar wani direba ya ruɗe ka da ita.

Kifi akwai, karfasa da giwan ruwa, ba zan ɓoye maka ba, kuma na san halin gida ne ya sa kake tunanin tafiya, ban raina dalilinka ba. Amma da ni ne kai da wannan ƙirjin ba zan zo ba yanzu. In kuma ka ƙi ji sai ka zo, to kar ka sauka cikin sanyi, ka taho da abin shaƙa na wata shida aƙalla da takardar likita, da bargo mai nauyi, da rawani na rufe hanci, ka kama ɗaki cikin gari nesa da gaɓa, kuma ka kashe fitilar waje da magariba.

Ka fara zuwa asibiti a auna ka tukuna, ka turo min abin da likita ya ce a WhatsApp sai mu sake magana. Inna ta san da wannan shirin kuwa? Ka gaishe min da ita.