Amsa ga 'yar'uwar da ke son ajiye maganin tayirod

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki tun jiya da dare, inda kika ce likita ya gano cewa ƙwayar tayirod ɗinki ta gaban wuya ba ta fitar da sinadarinta yadda ya kamata, ya ɗora ki a kan levothyroxine mai nauyin maikirogiram 100, amma mako uku ke nan da farawa zuciyarki tana dukan uku-uku cikin dare, gashinki yana zuba, har kina tunanin ajiye shi ki koma na gargajiya. Ni ba likita ba ce, sai dai shekara tara ke nan ina haɗiyar wannan ƙwaya kowace safiya, kuma duk abin da kika lissafa na ɗanɗana shi a jikina.

Ina roƙon ki kada ki ajiye maganin da kanki, kuma kada ki jira ranar da aka ba ki ta komawa asibiti. Ki je cikin makon nan ki gaya wa likitan maganar bugun zuciyar. Idan kuwa ya haɗu da ciwon ƙirji, ko ɗaukewar numfashi, ko jiri kamar za ki faɗi, to a ranar za ki tafi, ko da tsakar dare ne.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, wannan ƙwaya ba baƙon abu ba ce ga jiki. Kwafin sinadarin nan ne da tayirod mai lafiya take fitarwa, wanda likitoci ke kira T4. Shi ya sa mafi yawan abin da muke kira illar maganin matsalar awo ce: ko ya yi wa mutum yawa, ko ya yi masa kaɗan, ko an fara masa da nauyin da jikinsa bai shirya ɗauka ba. Masu shekaru da masu ciwon zuciya ma akan fara musu da maikirogiram 25 ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Ni bayan haihuwata ta biyu abin ya bayyana. A watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman inuwa, ni ina lulluɓe da bargo. Barci ba ya isata, bayan gida sai na kwana uku, fuska ta kumbura, in ɗora tukunya in manta da ita. A gida wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce iska ce, na sha rubutu da hayaƙi ba adadi, har Allah ya haɗa ni da likitar da ta ce a auna min TSH, wani sinadari a jini da ke hawa idan sinadarin tayirod ya yi kaɗan, ya sauka idan ya yi yawa. Ga mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka, nawa kuwa ya haura 30. Daga baya aka tabbatar cutar Hashimoto ce, wato garkuwar jiki ce da kanta take cin ƙwayar tayirod, ba ƙarancin aidin ba irin wanda ke kawo maƙoƙo a wasu ƙauyukanmu. Da aka ƙara min awo zuwa 150 sai na tsinci kaina a irin halinki. Ina tuna wata safiya ina zuba wa maigida shayi, hannuna yana rawa har murfin butar yana ƙara, gumi yana bin bayana alhali ana sanyi. Aka sake gwaji, aka ga TSH ya faɗi ƙasa sosai, aka mayar da ni 125, cikin 'yan makonni komai ya lafa. Zama a kan awon da ya yi yawa na tsawon shekaru yana iya rikita bugun zuciya ya kuma rage ƙarfin ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada, don haka ba abin da za a yi ta haƙuri da shi ba ne.

Zubar gashi kuwa kada ta tayar miki da hankali. Cutar da kanta tana zubar da shi, farkon shan magani ma yana iya ƙara shi na 'yan watanni. Nawa sai da na haƙura da ƙananan kitso na kusan wata biyar, sannan ya dawo.

Maganin yana da nawa wajen aiki, domin sai kusan mako guda rabin abin da kika sha yake barin jini, shi ya sa ake jiran mako 6 zuwa 8 bayan kowane canjin awo kafin a sake gwaji. Inda na fi yin kuskure shi ne yadda nake shan sa. Shekara guda cur ina kora shi da shayi mai madara da burodi, ina mamakin yadda sakamakona ke hawa da sauka. Ashe da ruwa zalla ake sha, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Yanzu da na idar da sallar asuba nake sha, kafin in gama shirya yara lokacin ya cika. Maganin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi mai kalsiyam, da farin ruwan nan na gyambon ciki, duk suna hana hanji tsotse shi, sai an raba su da shi da awa 4. Kofi da abincin waken suya irin su awara ma suna rage shigarsa, don haka awarata ta koma ta yamma.

Wannan ya fi muhimmanci idan kika samu ciki. Ba a daina shi saboda juna biyu, buƙatar jiki ma ƙaruwa take yi tun makonnin farko, kuma ƙwaƙwalwar jariri tana dogara da sinadarin uwa a lokacin. Da na ga alamar cikina na uku, a makon na je aka ƙara min awo, maganin ƙarin jinin da ake bayarwa wajen awon ciki kuma na mayar da shi bayan abincin rana. Na shayar da yarinyar wata 20 ina shan ƙwayata.

A watan azumi ina tashi kafin kowa in sha, in shiga ɗakin girki, lokacin da za a zauna sahur rabin awa ta wuce. Wasu sun fi son sha da za su kwanta, bayan awa 3 da cin abinci na ƙarshe. Ki kuma kula da wurin ajiya, domin zafi da laima suna rage masa ƙarfi. Na taɓa ajiye nawa a tagar ɗakin girki wata bazara, gwajin da ya biyo baya ya nuna min kuskurena. Ki riƙa saye a kantin magani mai rajista, ki yi ƙoƙarin tsayawa a kan samfurin kamfani ɗaya, idan kuma dole ta sa an canza miki, ki sanar da likita.

Game da na gargajiya, ban raina addu'a ba, har yau ina tofa wa kaina, amma ban ga saiwa ko ganyen da ya maye gurbin wannan sinadari ba. Ki tambayi likita ko naki irin na Hashimoto ne da ake sha har ƙarshen rayuwa, ko kuwa irin wanda kan biyo bayan haihuwa ne, wanda a wajen wasu matan yakan warware da kansa. Idan za ki je, ki tafi da kwalin maganin da duk wani abin da kike sha, har da na gyaran gashi, domin waɗanda ake sha masu ɗauke da bayotin, wani nau'in bitamin, suna ɓata sakamakon gwajin. Allah ya ba ki lafiya, ki sanar da mu yadda kuka yi.