Amsa ga yarona: wace bindiga ta dace da ɓarayin tsakar gida

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana mutumin da ya zo shago neman bindiga mai harsashin .22 don gafiya da ɓerayen da suke yi masa ɓarna a buhunan gero da ɗakin tantabaru, na kuma karkata shi ga bindigar iska, alhali a ganinka mai ƙarfi ta fi saurin gama aiki. Tambayar tana kan hanya, domin yawancin masu zuwa wurinmu ƙarfi suke fara tambaya. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne: mene ne yake bayan abin da za a harba?

Harsashin .22 mai albarushi ƙarami ne a ido, nauyinsa bai kai giram 3 ba, amma ƙarfin da yake fita da shi ya haura jul 130 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), kuma idan aka ɗaga bakin bindigar sama yana iya yin tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Ka dubi yadda gidaje suke a unguwar Bagalam ko Mokoyo a nan Maraɗi, katanga jingine da katanga, mata suna aiki a tsakar gida, yara suna kwana a waje lokacin zafi. Harsashin da ya kuskure gafiya, ko ya huda ta ya wuce, zai ratsa zana ko kwanon rufi ya faɗa gidan maƙwabci. Ga kuma batun doka. Bindiga mai albarushi ba a riƙe ta a Nijar sai da izinin hukuma, tun 1994 ƙasar take da hukumar tattara makaman da ake riƙe ba bisa ƙa'ida ba, kuma a wannan zamani da ƴan bindiga suka addabi yankin Madarunfa da Gidan Rumji, ƙarar harbi da dare a cikin gari fitina ce ga mai gida da unguwa baki ɗaya. Ko bindigar iskar ma, ka riƙa tura mai saye komisariya ya ji abin da ake buƙata kafin ya kai ta gida.

Bindigar iska mai ƙarfin jul 12 zuwa 16 ta ishi aikin tsakar gida, inda tazarar harbi ba ta cika wuce mita 10 zuwa 15 ba. A Ingila, iyakar da ake riƙewa ba tare da lasisi ba kusan jul 16 ce, kuma da ita suke kashe ɓeraye da zomaye a gonakinsu. A Faransa iyakar jul 20 ce, a Jamus kuwa 7.5. Na kawo maka waɗannan ne domin za ka riƙa ganin alƙaluman a jikin kwalaye, kuma wadda aka ƙera don kasuwar Jamus ta fi dacewa da harbin takarda, ba ta cika kashe gafiya nan take ba.

Girman baki iri biyu za ka fi cin karo da su: milimita 4.5 da 5.5. Idan ƙarfinsu ɗaya ne, dalmar 4.5, wato ɗan harsashin bindigar iska, mai nauyin kusan rabin giram, tana fita da gudun kimanin mita 240 a daƙiƙa, tana tafiya a miƙe, saboda haka saitinta ya fi sauƙi, sai dai takan huda ƙaramar dabba ta fita ta baya. Ta 5.5 ta kusa ninka ta nauyi, gudunta wajen mita 180 ne, tana saurin sunkuyawa idan nisa ya ƙaru, amma tana sauke ƙarfinta a jikin dabbar. A gajeriyar tazara sunkuyawar ba ta da yawa, shi ya sa na fi son 5.5 ga gafiya, wadda takan kai kilo guda ko fiye. Kada kuma rubutun gudun mita 300 da wani abu a kan kwali ya ruɗe ka. Da harsashi marar nauyi ake samun wannan adadi, kuma dalma mai siririn ƙugu, da zarar ta kusanci gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, sai ta fara tangaɗi ta bar saiti.

Game da yadda bindigar take tara iska, nan ne yanayin garinmu yake da ta cewa. Mai ƙaramin tulun gas na giram 12 ƙarfinta yana hawa da sauka da zafin gari, kuma barin tulun a rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, haɗari ne. Mai tankin iska da ake cikawa zuwa matsin iska na bar 200 ta fi kowace saiti, amma tana buƙatar famfo na musamman da ƙananan robobi waɗanda ƙurar hunturu take cinyewa. Mai sifirin, wadda ake karya bakinta a ɗana, irin ta Gamo ko Hatsan ko Diana, ita ce ba ta neman kome sai dalma, ita ce kuma muke iya gyarawa a nan da hannunmu.

Tunda ita za ta fi zuwa maka gyara, ka riƙe abubuwan da suke kashe ta. Harba ta ba dalma a ciki yana sa fistin ya daki ƙarshen bututunsa babu iskar da za ta tare shi, sai roba ta fashe ko sifirin ya karye. Zuba man inji a ramin iska ya fi wannan muni, domin matsin yana kunna man kamar yadda injin gazuwal yake yi, za ka ji ƙara ka ga hayaƙi, mai ita yana murna wai ta ƙara ƙarfi, alhali robarta ce take ƙonewa. Lokacin sa dalma, hannu ɗaya ya riƙe bakin da aka karya, yatsa kuma ya nisanci kunama, domin idan bakin ya kuɓuce ya koma da ƙarfi yana lanƙwashewa, yana kuma iya datse yatsu. Madubin hange ma sai wanda aka yi don irinta, saboda tana girgiza gaba da baya, madubin bindigar albarushi ba ya jurewa.

Kafin ka miƙa wa kowa bindiga, ka kafa takarda a mita 10, da buhun yashi ko tsohuwar katangar laka a bayanta, ba bulon siminti ko ƙarfe ba, domin dalma tana dawowa daga abu mai tauri. Idan bai iya tara harbi biyar a faɗin kwabon dala ashirin ba, bai isa harbin kan ɓera ba tukuna, raunata shi kawai zai yi ya shige rami ya ruɓe. Ka gaya masa kada ya riƙe dalma a baki, ya tsince wadda ta zube kada kaji su haɗiye, ya ɗauke mushen da shebur ya binne, tunda wani jinsin ɓera ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa da ake fama da shi a Najeriya. Jaba kuwa ya ƙyale ta, ƙwari take ci. Tsuntsayen daji kuma suna ƙarƙashin dokar farauta ta 1998, ma'aikatan gandun daji ne masu magana a kansu.

Shi wancan mutumin, na faɗa masa cewa bindiga tana rage manyan da suke fitowa fili ne kawai, domin ɓera yana haihuwa cikin kusan mako uku. Sai ya ɗora buhunansa a kan katako nesa da bango, ya toshe ramuka da siminti, ya kwashe ragowar tsabar tantabaru kafin magariba, ya ɗana tarkuna a bin bango. Idan ya dawo da takardarsa daga komisariya, kai za ka gwada shi a kan takarda, ni ina kallo.