Ku Tambaya Mu Amsa: Ni da abokina za mu kama shigga a Jidda, albashinmu kaɗan ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani shagon kayan mota a Jidda, albashina riyal 2,200. Abokina direba ne, yana ɗaukar 1,800. Shekara biyu muna kwana a ɗakin da wurin aiki ya ba mu, mu shida, mun gaji. Mun ga shigga, wato sashen haya a cikin gini (fulat), mai ɗaki biyu da kicin da banɗaki, an ce 18,000 a shekara, biya biyu. Mun tara 10,000 tsakaninmu. Shin za mu iya? Kuma da sunan wa ya kamata a rubuta hayar?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a neman. Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma bari mu soma da kuɗin.

Kuɗin da kuka tara zai biya kashi na farko, 9,000, ya bar muku 1,000. Wannan dubun ba za ta kai ku ko'ina ba. Akwai la'adar ofishin dillanci, wadda a nan ake kira sa'ayi. Dokar dillancin gidaje da ta fara aiki a 2023 ta sa ta kashi 2.5 cikin ɗari na hayar shekarar farko kawai, sai in an rubuta wani abu daban. A lissafinku riyal 450 ke nan, kuma ba a sake biyanta idan an sabunta haya. Akwai kuɗin ajiya na lamuni da masu gida da yawa ke nema saboda ɓarna. Sannan ku tuna shiggar da ba ta da kaya a wannan ƙasa fanko take zuwa: yawanci babu na'urar sanyaya ɗaki, wato mukayyif, babu firiji, babu murhu, wani lokaci kicin ɗin ma famfo ne kawai da bango. Mukayyif biyu, firiji, tukunyar gas da murhu, katifu, ko na hannu kuka saya a kasuwar Sawarik ko a manhajar Haraj, a ƙiyasinmu ku ware wajen 3,000. Idan an haɗa, kuɗin shiga ya doshi 13,000 ko ya wuce.

Bayan an shiga kuma, hayar tana cin 1,500 kowane wata, 750 a kan kowa. A wurinka kusan kashi ɗaya bisa uku ne na albashi, ana iya jurewa. A wurin abokinka ya haura kashi 40 cikin ɗari, kafin wuta, kafin abinci, kafin abin da ake aikawa gida. Shawararmu ku nemi wadda ba ta wuce 15,000 zuwa 16,000 ba, ko ku ƙara haƙuri wata uku ku cike giɓin. Mun san samun mai araha ya yi wuya tun da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Sabil, Karantina, Gulail da Kandara daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, inda mutanenmu da dama suka zauna shekara da shekaru. Duk da haka a kudancin gari da gabashinsa an fi samun sauƙi, in dai kun lissafa kuɗin mota zuwa wurin aiki a ciki.

Kafin ku ba kowa sisi, ku buɗe kwantiragin aikinku a Qiwa, manhajar gwamnati ta harkar ma'aikata. Idan wurin aiki ne ke ba ku makwanci, ku tambaya ko za su mayar da shi kuɗi, abin da ake kira badal sakan, idan kun tashi. Wasu na bayarwa, wasu ba sa bayarwa, kuma riyal ɗari uku ko huɗu a wata na iya sauya lissafin gaba ɗaya. Ku kuma roƙi mai gida ya raba biyan zuwa kashi huɗu ko wata-wata, tsarin hayar ya ba da wannan zaɓin. Wani zai ƙara ɗan abu a kan jimla, amma ga mai ƙaramin albashi hakan ya fi a wayi gari wata shida sun cika ana neman 9,000 babu.

Yanzu batun suna. Hayar gida a Saudiyya ana rubuta ta ne a Ejar, shafin gwamnati na yarjejeniyar haya. Ofishi mai lasisi zai shigar da bayanan gidan, lambar igamarka, wato katin izinin zamanka, da lambar wayarka, saƙo ya zo maka, ka shiga ka karanta ka amince. Daga ranar da ka danna amincewa, wannan takarda tana da ƙarfin hukunci: idan ba a biya ba, mai gida ba ya bukatar doguwar shari'a, kotun zartarwa zai nufa kai tsaye ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a. Kotu na iya taɓa asusun banki, tana iya hana tafiya. Kuma wanda sunansa ke jikin takardar shi za a nema. Ba a sauraron cewa ai mu biyu ne, abokina ne bai kawo nasa ba.

Saboda haka ka yi wa kanka wannan tambaya tun yanzu: in abokina ya rasa aiki, ko kafil, wato wanda yake aiki a ƙarƙashinsa, ya mayar da shi Dammam, ko ya tafi gida ganin iyaye bai dawo ba, zan iya biyan 1,500 ni kaɗai wata biyu ko uku? Daga 2,200 saura 700. Idan amsar a'a ce, shiggar ta fi ƙarfinku ko da a yau kuna iya biya.

Ku nemi ofishin ya sa sunayenku duka biyu. In yarjejeniyar ta fito da suna ɗaya, to ya zama na wanda aikinsa ya fi tabbata kuma igamarsa ta fi nisa da ƙarewa, sannan a rubuta a cikin sharuɗɗa cewa mai gida ya san wane zai zauna tare da shi kuma ya yarda. Wannan layi ɗaya yana da amfani, domin ɗan haya ba shi da ikon sa wani a haya a ƙarƙashinsa ba da izinin mai gida ba.

Bayan nan ku rubuta takarda tsakaninku, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Mun san abin da ke zuwa zuciya: abokina ne tun daga gida, idan na kawo takarda zai ce ban yarda da shi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. A takardar ku sa nawa kowa zai biya da ranar biya, misali kwana uku bayan albashi. Ku sa wa ya sayi firiji, wa ya sayi wane mukayyif. Ya fi kowa ya mallaki abu sukutum a kan a yi rabi da rabi a komai, don ranar rabuwa ba a raba firiji biyu. Ku sa cewa mai son tashi zai faɗa wata biyu kafin nan, kuma kasonsa na kansa har a sami madadin da ɗayan da mai gida suka yarda da shi. In ɗaki ɗaya ya fi girma, mai shi ya ɗan ƙara, kamar 850 da 650, wanda ma zai dace da albashinku. Kuma kowane wata abokin ya tura kasonsa ta banki zuwa asusun mai suna, kada a riƙa miƙa wa juna a hannu. Mai sunan ya keɓe kuɗin gefe guda. Abin da ya fi rusa irin wannan zama shi ne kashi na biyu: wata shida ana cewa sai ƙarshen wata, ranar biya ta zo, babu komai a ƙasa.

TAMBAYA: Daga Makka nake. Wani a titin Mansur ya ce yana da shigga mai araha, amma ba sai an je ofis ba, in ba shi kuɗi a hannu ya rubuta mini takarda. Ya ce hakan ya fi sauƙi. In karɓa?

AMSA: Kada ka karɓa, Malam. Tun 15 ga Janairu 2024 biyan kuɗin hayar gidan zama ta hanyoyin Ejar ake yinsa, da katin banki na mada ko ta SADAD, tsarin biyan kuɗi ta banki. Kuɗin da ka miƙa a hannu ba zai bayyana a matsayin biya ba. Abu na biyu, sau da yawa mai irin wannan tayin shi ma ɗan haya ne. Ranar da ainihin mai gida ya gano, ko shi wancan ya daina biya, kai za a fitar, kuɗinka kuma ya tafi. Ofishi ba ya iya shigar da yarjejeniya sai da takardar mallakar gidan ko wakilci, don haka rajistar ita kanta tana tabbatar maka da wa kake hulɗa. Ka nemi ganin lasisin dillalin, wanda ake kira Fal, daga hukumar kula da gidaje. Kuɗin kafin alkalami kuwa, arbun, doka ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin hayar, kuma kada ka tura wa wanda ka gani a intanet kafin ka taka ƙafarka cikin gidan. A Makka ka ƙara da tambaya ɗaya: shekara cikakkiya ce, ko za a ce ka tashi lokacin aikin Hajji? A rubuta amsar.

TAMBAYA: Me za mu duba ranar da muka je ganin gida? Ba mu taɓa yi ba.

AMSA: Tun a ƙofa ku tambayi mai gadi, haris, ko ginin na gwauraye ne ko na iyalai. Gine-gine da yawa ba sa karɓar uzzab, wato gwauraye, kuma in an shigar da ku a ɓoye maƙwabta za su kai ƙara.

Sai mitar wuta. Ku ce a nuna muku ita, ku karanta lambarta, ku tabbatar ta shiggarku ce ita kaɗai. A gidajen da aka yanka babbar shigga zuwa ƙanana, mita ɗaya ake rabawa, kuma nan rigima take. Kamfanin wuta yana cajin gidan zama halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat na awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura halala 30, sai harajin kashi 15 a kai. Ku kaɗai ba za ku kusanci 6,000 ba, amma gidaje huɗu a mita ɗaya da zafi suna wucewa, ku biya tsadar da ba ku kuka jawo ba. Don ku ga girman abin: mukayyif na taga mai cin wajen kilowat 1.8, in ya yi awa goma kullum, wata guda 540 ke nan, kusan riyal 97, da haraji wajen 112. Guda biyu, wajen 224 kafin firiji da hita. Tsohon da ragarsa ta toshe da ƙura ya fi haka ci, ku riƙa cire ragar kuna wankewa duk sati biyu. Ku tambaya ko akwai tsohon bashin wuta a mitar, a biya kafin a mayar da ita sunanku.

Ku buɗe kowane famfo, ku ja ruwan masai, ku tsaya ku saurara. Masai mai tsiyaya ba ya yin ƙara, siririn ruwa ne ke gangarowa a jikin kwanon dare da rana, kuma shi ke kumbura kuɗin ruwa. Ku ɗaga kai ku dubi rufin banɗaki: fenti mai kumbura ko tabo rawaya yana nufin na sama na zuba. Ku tambaya ko ruwa na cikin haya, in kuma tankin gini ya ƙare aka sayo tankar ruwa, wayit, yaya ake raba kuɗin. A tsofaffin gine-gine akwai soket mai 110 kusa da mai 220, ku tambaya kafin ku jona firiji. Hawa na ƙarshe ya fi araha domin rana na dukan rufinsa, abin da kuka rage a haya wuta za ta cinye.

Duk abin da kuka gani ya lalace, ku ɗauki hotonsa, a rubuta shi a fom ɗin karɓar gida na Ejar kafin ku amince. Da shi za a auna ranar fita, da shi kuɗin ajiyarku zai dawo. Babban gyara kamar bututun cikin bango na mai gida ne, ƙwan fitila da robar famfo naku ne.

TAMBAYA: Shekararmu ta kusa cika, muna son tashi. Sai mu kwashe kaya mu miƙa makulli?

AMSA: A'a. Bisa ƙa'idojin da aka fitar a Satumba 2025, haya na sabunta kanta idan ɗayan ɓangarorin bai sanar da ɗayan ba aƙalla kwana 60 kafin ta ƙare. Ku duba ranar ƙarewa a Ejar, ku ƙirga baya, ku sanar a rubuce. Dakatar da ƙarin kuɗin haya na shekara biyar da aka sanar a lokacin ya shafi birnin Riyad ne, kada mazaunin Jidda ko Madina ya ɗauka ya rufe shi. Ranar fita a karanta mita, a cire sunanku daga wuta, a cike fom ɗin miƙa gida.

TAMBAYA: Wani ɗan garinmu ya zo Umara bizarsa ta ƙare, yana roƙon ya zauna da mu ya riƙa ba da wani abu. Abokin zamana ya yarda, ni ne sunana ke kan haya.

AMSA: Wannan tambaya ta taɓa mu, domin mun san nauyin ɗan gari a ƙasar da ba taka ba, kuma korar baƙo ba tarbiyyarmu ba ce. Amma dole mu faɗa maka yadda doka take. Ba wa wanda ya saɓa ƙa'idar zama masauki laifi ne, hukuncinsa na iya kaiwa tarar riyal 100,000, ɗaurin wata shida, da kora daga ƙasa ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Kai da sunanka ke kan gidan, kai za a fara tambaya, yardar abokinka ba za ta kare ka ba. Taimakon da za ku iya yi masa shi ne ku haɗa masa kuɗin tikiti da wasu 'yan gari, ku raka shi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda, na Nijeriya ko na Nijar, ya nemi takardar komawa gida.