Amsa ga ɗana mai son zuwa Ghana don tseren babur

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Ka ce shekararka 21, duk unguwarku a Kano babu wanda ya kama ƙafarka a kan babur, kana so ka sayar da Boxer ɗinka ka taho wurina Kumasi, domin wani ya gaya maka a Akra akwai masu manyan mashina da ke tsere ranar Lahadi, wai daga nan Turawa ke zaɓar gwanaye su kai su MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya. Na ga ya fi kyau in amsa maka a fili, tunda ba kai kaɗai ke turo min irin wannan tambaya ba.

Wanda ya gaya maka haka bai san abin ba. Masu manyan mashina akwai su a Akra, akwai su nan Kumasi, amma yawancinsu masu hali ne da suka sayi abinsu don sha'awa, su fita ayari su dawo. Ba gasa ba ce, babu mai ba da maki, kuma babu wani Bature da ke tsaye a bakin titi yana neman yaro. Rabon da a yi gasar MotoGP a nahiyar Afirka gaba ɗaya tun 2004 ne, a Welkom ta Afirka ta Kudu, ranar da Valentino Rossi ya ci tserensa na farko a kan Yamaha.

Bari in gaya maka yadda ake zama ɗan tseren, don na san son abin kake yi da gaske, ni ma kuma ba na barin kallonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Marc Márquez, wanda aka haifa a 1993 a Cervera ta Sifaniya, yana ɗan shekara 4 aka ɗora shi a kan ƙaramin babur. A 2010 ya ci kambun duniya na ajin 125cc, a 2013 ya ci na MotoGP yana da shekara 20. Wato a shekarunka na yau har ya riga ya gama hawa tsanin. Shi Rossi ubansa ma ɗan tsere ne. Tsanin kuwa a jere yake: ƙananan gasanni na cikin ƙasa, sai na matasa irin su Red Bull Rookies Cup da aka fara a 2007, sai Moto3 mai injin 250cc, sai Moto2 mai injin Triumph 765cc, sannan babban aji. Kowane mataki kuɗi yake ci. Taya kaɗai ta isa ta karya mutum, don tayar tsere ba a yin wata da ita, a ƙarshen mako guda ake cinye ta. Ga rigar fata, ga hular kwano mai inganci, ga kuɗin jirgi da masauki, ga gyara duk lokacin da aka faɗi. A ƙananan ajujuwa da yawa daga cikin yaran ba biyan su ake yi ba, su ne ke zuwa da kuɗin iyaye ko na kamfanin da ya tsaya musu kafin ƙungiya ta ba su babur.

Na san za ka kawo min Brad Binder, tunda ɗan Afirka ne. Gaskiya ne, kuma muna alfahari da shi. An haife shi a 1995 a Afirka ta Kudu, ya shiga Rookies Cup a 2009, ya ci kambun Moto3 a 2016, ya kuma kawo wa ƙungiyar kamfanin babura na KTM nasararta ta farko a babban aji a Brno a 2020. Shi ne ya yi gudun kilomita 366.1 a awa a Mugello a 2023. Amma ka duba inda ya fito. Ƙasarsu na da filayen tsere irin Kyalami, tana da gasar yara, tana da tarihi: Kork Ballington ya ci kambuna 4 a 1978 da 1979, Jon Ekerold ya ci a 1980. Duk da haka sai da Binder ya bar gida ya koma Turai yana yaro. Akwai kuma waɗanda suka fara a makare, ba zan ɓoye maka ba. Troy Bayliss na Ostareliya mai fentin mota ne, sai da ya kai shekara 23 ya fara tseren kwalta, ya zo ya ci kambun Superbike, wata gasar babura ta duniya, sau 3. To amma shi ma filin tsere da gasar ƙasa suna nan a gidansu, ya je ya gwada kansa aka gan shi. Wannan filin ne babu a Kumasi, babu a Akra.

Abin da ya fi damuna shi ne kana haɗa tsere da wasan da kuke yi ranar ɗaurin aure. Ɗaga tayar gaba da sakin hannu ba su ne aikin ba. Aikin shi ne ka shiga kwana ɗaya sau 20 a jere, kowane zagaye ka taka birki a daidai wuri guda, ka kwantar da babur har gwiwa ta goga kwalta, kuskuren ƙiftawar ido ya mayar da kai na goma. Kuma su da ke da filin da babu mota, da yashi a gefe, da likita a tsaye, suna mutuwa. A 2021 kaɗai an rasa yara uku: Jason Dupasquier mai shekara 19 a Mugello, Hugo Millán mai 14 a Aragón, da Dean Berta Viñales mai 15 a Jerez. Dalilin haka aka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga 2023. Márquez kansa ya karye a dantse a Jerez a 2020, sai da aka yi masa tiyata sau 4. Nan zango kuwa, da Sallah, yaro zai fito da silifas, ba hula, yana gudu tsakanin trotro (motocin haya) da pragya (a-daidaita-sahu). Na je duba wani ɗan maƙwabcinmu a asibiti, an sa masa ƙarfe a cinya, mahaifiyarsa na zaune a ƙasa riƙe da kwanon koko ta kasa cewa komai. Tun da yayarka ta gaya min irin wasan da kake yi nake tuna yaron nan.

Kada kuma ka ce za ka zo ka yi acaɓa kafin hanya ta buɗe. Ka ga yadda aka hana shi a Kano a 2013. Nan ma a 2012 dokar hanya ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, aka yi shekaru ana ja-in-ja a kai, kuma baƙo shi ne na farko da ake tsayarwa. Fasfon ECOWAS zai shigo da kai ba biza, kwana 90 ne, bayan nan sai da takardar zama. Ƙananan kasuwanci doka ta keɓe wa 'yan ƙasa, har an rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame a 2019. Ka san wannan tun kafin ka hau mota.

Yanzu ga abin da Kumasi ke da shi, wanda shi ne dalilin da ba zan ce maka kada ka zo ba. Suame Magazine na cikin manyan matattarar makanikai a Afirka. Gari guda ne na gareji, masu walda, masu lantarki, masu juya ƙarfe, dubbai. Akwai wani dattijo kusa da rumfata, idan aka kawo masa mashin ba ya fara kwancewa. Sai ya sa a tayar, ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Daga nan ya ce wa yaronsa ga abin da za a buɗe. Yaron kuma duk noti da ya cire sai ya jera shi a kan kwali bi da bi, kada ɗaya ya ɓata. Kai da ka ce tun kana ɗan sakandare kake kwance kabireta ka mayar, hannunka zai karɓi wannan aiki. A gasar duniya ma bayan kowane ɗan tsere akwai tawagar makanikai da masu karanta bayanan injin a kwamfuta. Jeremy Burgess ya taɓa yin tsere, amma a matsayin shugaban makanikai duniya ta san shi, shi ya yi aiki da Mick Doohan da Rossi a shekarun da suka yi ta cin kambu. Ba na ce maka daga Suame za ka faɗa can ba, hanyar ita ma doguwa ce. Bambancinta shi ne ko ba ka kai ƙarshe ba kana da sana'ar da za ta riƙe iyali, kuma shekara 21 bai yi latti ba.

Idan sakamakonka na WAEC ya yi kyau, a nan ma ana karɓar sa. Jami'ar KNUST da Jami'ar Fasaha ta Kumasi duk suna koyar da injiniyan motoci da injina, sai dai kuɗin ɗalibin waje ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, don haka ka gwada shi da na makarantun kimiyya da fasaha na gida kafin ka yanke shawara.

Kada ka sayar da babur ɗin tukuna. Ka ɗauki hoton sakamakonka ka turo min, ka yi fasfo da katin rigakafin shawara, ka sayi hular kwano ta gaske wadda ake ɗaurewa a haɓa, ka riƙa sa ta. Sannan ka zauna da mahaifinka ka faɗa masa gaskiyar abin da zai kawo ka. Idan ya amince, zan yi wa dattijon nan magana ya karɓe ka na wata 3 ka gwada, ɗaki kuma akwai a gidana a Aboabo. Ka gaida mutanen gida duka.

Kawunka, daga Kumasi.