'Yan kwikwiyona biyu sun hana gida sakat: wasa suke ko faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Daura, bayan gari ta hanyar Zango, ina da 'yan tumaki da awaki a gida. Saboda ɓarayin dabbobi na karɓo 'yan kwikwiyo biyu wurin wani abokina mafarauci. Uwarsu ɗaya, duka maza, baƙi da ja, yanzu watansu huɗu. Tun asuba suke kokawa da gurnani da cizon wuya. Baƙin ya fi girma, kullum shi ne a sama. Shekaranjiya na ga jini a kunnen jan. Nakan zabga musu tsumagiya su rabu, an jima su koma. Maƙwabcina ya ce in ƙyale su, haka za su yi zafi su iya gadi. Uwargida kuma ta ce a ɗaure su saboda yara. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa albarka a dukiya. Da farko dai ina roƙonka ka ajiye tsumagiyar nan. Akasarin abin da ka lissafa wasa ne, kuma suna bukatarsa, sai dai wasa ne da yake neman mai tsawatarwa.

A cikin wannan kokawar kare yake koyon awon bakinsa. Idan ya ciji ɗan'uwansa ya zarce, ɗan'uwan ya yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya. Yau da gobe sai ya gane iyakar ƙarfin da zai sa wa haƙori. Karen da ya samu wannan horon, ko da wata rana yaro ya taka masa bindi, da wuya ya yi masa mummunan rauni. Shi ya sa ma muke hana raba kwikwiyo da uwarsa da 'yan'uwansa kafin ya cika sati 8. Ga shi kuma naka suna tsakiyar famfara: haƙoran nono 28 suna zubewa tun daga wajen wata na huɗu, na dindindin 42 suna fitowa, ba su kammala sai wajen wata shida zuwa bakwai. Dasashinsu ƙaiƙayi yake yi, komai suka samu sai sun tauna. Wani lokaci ma ɗan jinin da za ka gani a gashin ɗaya daga dasashin ɗayan ya fito.

To ta yaya za ka bambanta? Gurnani kaɗai ba hujja ba ne, kwikwiyo yana gurnani cikin jin daɗi. Jikinsu za ka duba. Ka samu kujera ka zauna a tsakar gida bayan La'asar ka zuba musu ido. Mai wasa yakan kwantar da ƙirjinsa da ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga gindi sama yana kaɗa bindi, wannan gayyata ce. Jikinsa a sake yake, baki a buɗe, yana tsalle gefe-gefe. Suna yi suna tsayawa, ɗaya ya girgiza jiki, su kalli juna, su koma. Babbar alama kuwa ita ce karɓa-karɓa: wanda ya kori wani yanzu, an jima shi ake kora, babban ma yakan faɗi da gangan ya bar ƙaramin ya hau shi. Idan kuwa ka ga jiki ya sandare, gashin ƙeya da na gadon baya ya miƙe, ido ya kafe, leɓe ya ɗage fiƙa ta fito, ko ka ga ɗaya ya cusa bindi tsakanin cinyoyi yana neman ƙarƙashin amalanke ko bayan randa ya ɓuya amma ɗayan bai fasa bin sa ba, to an bar wasa.

Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne da ka ce kullum baƙin ne a sama. Gwada wannan: suna cikin yi, ka riƙe baƙin a hankali ta ƙirji, ka bar jan a sake. In jan ya dawo da gudu yana tsokanarsa, yana son abin, sai ka saki. In kuwa ya samu sarari ya tsere can nesa ya kwanta yana haki, to ya daɗe yana haƙuri, kuma kai ne za ka kare shi.

A nan na saɓa da maƙwabcinka ƙwarai. Kwikwiyon da ake danne shi kullum ba jarumi yake zama ba, matsoraci yake zama, kuma cizon matsoraci ya fi yawa a kan yara da baƙi, don shi ba ya iya bambance barazana da wucewa kawai. Mai dannewar kuma yana koyon cewa ƙarfi ne ke biya masa bukata, gobe 'yan ragunanka zai fara bi. Gadi kuwa kare ba ya bukatar a koya masa mugunta kafin ya yi shi. In ya girma ya san gidansa da dabbobinsa, da kansa zai yi haushi idan baƙon motsi ya zo da dare, kuma haushin nan shi ne aikin da ka ɗauko shi dominsa. Ɗauri na dindindin ma ba mafita ba ne, karen da ya tashi a turke yakan tara ƙunci. Duka kuwa yana raba su na minti biyu ne, ya bar musu tsoron hannunka.

Matsayinka shi ne na mai rabawa a filin dambe: ba ya hana wasa, amma da ya ga an wuce ƙa'ida zai shiga tsakani. Kada ka jira sai ta yi zafi. Bayan kowane ɗan lokaci ka tafa hannu, ka faɗi kalma ɗaya wadda ba za ka riƙa canzawa ba, kamar “ya isa”, ka kira kowa da sunansa, wanda ya zo ka ba shi ɗan ƙanzo ko guntun busasshen kifi. Su huce, sannan ka bar su su ci gaba. In baƙin ya ƙi ji, ka ɗauke shi ba faɗa ba duka, ka kai shi wani kewaye na 'yan mintoci. Duk mutanen gidan su bi hanya ɗaya, in ba haka ba wahalar banza za ka yi. Kuma ka cire musu igiya ko abin wuya lokacin kokawa, don muƙamuƙin ɗaya kan maƙale a abin wuyan ɗayan ya shaƙe shi.

Yawancin rikicin da ake kawo mana a kan kasko yake farawa. Kowa da kaskonsa, nesa da juna, in da hali da katanga a tsakani, a ɗauke da zarar sun gama. Kada a jefa musu ƙashi ɗaya su biyu, dafaffen ƙashin kaza kuwa kada a ba su sam, yana tsagewa ya soki hanji. Don ƙaiƙayin dasashi, igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulle ta isa, kowa tasa. Sai barci. Kwikwiyo yana bukatar barci mai yawa, har awa 18 a yini ba abin mamaki ba ne, kuma wanda ya gaji shi ya fi cizo. A zafin bazarar Daura, su kwanta a inuwa da ruwa tun hantsi, kowa a wurinsa.

Akwai wata matsala ta 'yan ciki ɗaya da mutane ba su cika lura da ita ba: sukan shaƙu da juna har su daina sauraron mai gida. Maganinta shi ne kullum ka ware wa kowa lokacinsa. Ka fita da ɗaya zagayen garke da safe, ɗayan da yamma, shi kaɗai da kai. Wannan zai yi maka amfani nan gaba, domin daga wata shida zuwa shekara za su balaga, kuma a lokacin ne maza biyu sa'o'in juna kan fara gwada ƙwanji da gaske, musamman in akwai karya mai neman barbara a unguwa. Fiɗiya a asibitin dabbobi tana rage yawo da faɗan da ke tasowa ta wannan hanya, amma ba ta gyara halin da aka riga aka koya. In ranar ta zo suka kama da gaske, kada ka sa hannu a tsakaninsu. Ka watsa musu bokitin ruwa ko ka cusa faifan katako.

Kunnen jan, ka wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, ka shafa aidin, ka kiyaye shi daga ƙuda, don ƙuda na son bakin kunnen kare kuma yakan mayar da ɗan ƙwarzane gyambo. In ya tsage sosai ko ya kumbura, a kawo shi a duba.

Tsoron uwargida kuma yana kan hanya. Yara kada su shiga tsakaninsu, kada su yi musu wasa da hannu ko ƙafa, kada a bar ƙaramin yaro da su ba babba a wurin. Ba ka faɗa mini ko an yi musu allura ba. Ta haukan kare ana yin ta daga wata uku, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta a nan gida. Ka kai su asibitin dabbobi a satin nan a yi musu ita, a haɗa da ta cutar amai da gudawar jini da maganin tsutsar ciki. In haƙori ya taɓa fasa fatar wani a gidan, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da raunin bai kai ya kawo ba.