Akwatin ƙara ƙarfin inji a jikin Hilux: amsar maigida ga yaronsa

Ɗana, saƙonka ya same ni jiya bayan isha'i, kuma na ga ya fi kyau in ba ka amsa a rubuce, domin magana ce da za ka riƙa komawa gare ta. Ka ce an kawo gareji wata Hilux mai shan gas, mai injin 2KD, wadda ake ɗaukar hatsi da ita daga Dawanau, mai ita yana kuka da baƙin hayaƙi da ƙaurin kuloci, kuma idan ta kama hawa da kaya sai ƙarfinta ya mutu farat ɗaya. Ka jona mata kwamfuta ba ka ga abin da ya gamsar da kai ba, sai da ka leƙa bayan batir ka tarar da wani ɗan akwati da bai fi kwalin sabulu ba, an ɗaure shi da igiyar roba, wayoyinsa sun bi sun shiga tsakanin sensar matsin mai da ke jikin rel, wato bututun da ke tara mai, da soket ɗinta. Mai motar ya ce maka shi ya sa aka ɗaura, kuma tun daga lokacin motar take tashi kamar doki, man da take sha ma ya ragu. Kana tambaya ko akwatin ne ya jawo ciwon, sannan kana tambaya me ya hana mu ma mu shiga harkar ɗaura shi tunda akwai kuɗi a ciki.

Sai ka fara sanin abin da akwatin yake yi, domin wanda ya gane wannan ya gane sauran. A injin gas na zamani, famfo yana tura mai zuwa bututun da ke tara shi kafin ya rarraba wa nozul, wanda muke kira rel, kuma matsin da ke cikinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin bar, yana haura bar 1,300 a tsofaffin injinan, a sababbi kuma yana kaiwa bar 2,000 har ya wuce. Sensar da ke jikin rel ita ce take gaya wa ƙwaƙwalwar inji, wato na'urar da ke sarrafa aikinsa, nawa ne matsin a kowane lokaci. Akwatin da ka gani yana tare wannan saƙo a hanya, ya rage shi, sannan ya miƙa. Ƙwaƙwalwa tana son bar 1,300, akwatin ya ce mata 1,150 ne kawai, ita kuwa sai ta umarci famfo ya ƙara, har matsin gaskiya ya wuce inda aka tsara masa. Nozul yana buɗewa na tsawon lokacin da ya saba, amma man da yake fesawa ya ƙaru. Iyakar hikimar ke nan. Bai ƙara wa injin iska ba, bai ƙara masa sanyi ba, bai ƙara wa ƙarfe kauri ba. Ƙarya kawai yake yi wa ƙwaƙwalwa, ita kuma tana aiki da ita tsakani da Allah.

Wannan ƙaryar ba a kan ƙwaƙwalwa kaɗai take tsayawa ba, har kai ta shafa, kuma shi ne abin da na fi so ka riƙe. Kwamfutar da ka jona ba ta auna komai da kanta, abin da ƙwaƙwalwa ta sani shi take karanto maka. Saboda haka lambar matsin rel da ka gani ka ce lafiya lau take, lambar akwatin ce, ba ta injin ba. Bakaniken da bai san da akwatin ba zai iya canza matatar mai, ya canza bawul ɗin famfo, ya canza sensa, har ya ce a sayo nozul huɗu, kuma motar ta dawo bayan mako guda da ciwonta. Haka zancen ragin shan mai yake. Allon gaban direba yana lissafi ne da man da ƙwaƙwalwa take zaton ta bayar, ba da man da ya fita daga tanki ba. Ka ce wa mai motar ya cika tanki fal, ya rubuta kilomita, ya yi tafiyarsa ya sake cikawa, sannan ya raba. A nan ne zai san gaskiyar abin da take sha.

Yanzu ga inda ɓarnar take. Ka tuna abin da na sha gaya maka, cewa injin gas da injin fetur ba halinsu ɗaya ba: a injin fetur ƙarancin mai ne yake kawo zafi, a injin gas kuwa yawan mai ne yake kawo shi. Idan mai ya fi ƙarfin iskar da turbo take bayarwa, ragowar ba ta ƙonewa sarai, sai ta fita a matsayin baƙin hayaƙin da mai motar yake kuka da shi, zafin salansa kuma ya yi ta hawa. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660, kuma abin da yake ceton fistin shi ne baƙin man da ake feso masa daga ƙasa da kuma cewa wutar ba ta daɗewa a kansa. Idan zafin hayaƙin ya zauna sama da digiri 700 kafin turbo na tsawon mintuna, an fara cin rancen da ba a iya biya. Matsalar kuma ita ce allurar zafi da ke gaban direba ruwan lagireto take aunawa, ba hayaƙi ba, saboda haka za ta zauna a tsakiya abinta alhali bakin fistin yana tsagewa.

Na taɓa buɗe irin wannan injin shekarun baya, na wata mota da ta mutu a Hawan Kibo ɗauke da kaya za ta Jos, aka jawo ta har nan. Da muka ɗaga kan injin, fistin na uku yana da tsaga siririya kamar gashi wadda ta taso daga bakin ramin da ke samansa ta gangara gefe, kuma a tsakiyar tsagar akwai wani ɗan rami da wuta ta huda, gefensa ya yi fari fat kamar toka. Sauran ukun sun yi baƙi ƙirin, kuma baƙin man da muka juye yana da kauri yana warin gas. Direban ya rantse mini cewa allura ba ta motsa ba ko kaɗan, kuma na yarda da shi, domin ba za ta motsa ba. A ƙarƙashin murfin fis muka sami akwatin, an murɗa shi zuwa lamba ta ƙarshe.

Mutuwar ƙarfin da motar da ke hannunka take yi a kan hawa, ina kyautata zaton daga nan take. A ƙarshen rel akwai wani bawul na kariya da yake buɗewa idan matsi ya wuce kima, ya mayar da mai tanki. Idan ya buɗe, matsin yana faɗuwa nan take, ƙwaƙwalwa ta ga abin da ba ta gane ba, sai ta rage ƙarfin inji domin ta tsare shi, har sai an kashe an sake tayarwa. Shi wannan bawul idan ya buɗe sau da yawa yana sanyi, ya koma yana yoyo tun matsin bai kai ko'ina ba, saboda haka ko ka cire akwatin ciwon yana iya zama. Ka duba tarihin lambobin laifi da kyau, ka ga ko akwai P0088 ko P0087, wato matsi ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Sau da yawa za ka same su tare, kuma wanda bai san dalili ba zai ce sun saɓa wa juna.

Kuloci kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. An yi shi ne daidai da ƙarfin jan da injin ya zo da shi, da ɗan rara, kuma akwatin ya cinye rarar. Ka sa giya ta huɗu ko ta biyar a ƙaramin gudu ka take totur; idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, ya gama aiki. A mai giyar kanta, man giya ne yake dahuwa ya yi duhu.

Kada ka ɗauka wannan akwati shi kaɗai ne. Akwai wani nau'in da ake jonawa a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda muke jona kwamfuta a ciki, shi kuma goge tsarin da ke cikin ƙwaƙwalwa yake yi ya rubuta nasa. Wannan ya fi na farko tsafta idan gwani ne ya rubuta, domin yana iya daidaita mai da iska da lokacin fesawa gaba ɗaya, amma yana da nasa tarkon. Idan batir ya yi sanyi ko waya ta goce ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa, mota ta ƙi tashi sam. Sannan yawancin irin waɗannan na'urori suna ajiye tsarin asali ne a cikinsu, su kulle kansu da lambar shasin motar. Motocin da ake shigo da su na hannu daga Amurka sukan zo da tsarin da aka canza, na'urar kuwa ta tsaya can wurin tsohon mai motar, kai kuma a nan kana fama da injin da ba ya bin littafi, ba ka san dalili ba. Can ma sun ɗanɗana kuɗarsu: injin Power Stroke mai lita 6.0 da ke cikin Ford F-250 da F-350 daga 2003 zuwa 2007 ya yi suna wajen ƙona gasket idan aka ƙara masa ƙarfi, domin kusoshin da ke riƙe kan injin suna miƙewa, har ya zama masu yin wannan aiki sukan fara da canza kusoshin.

Abin da masu sayar da waɗannan kaya ba sa faɗa shi ne cewa wanda ya rubuta tsarin ba motarmu yake tunani ba. Man gas na kan titi a Amurka an taƙaita sinadarin sulfa da ke cikinsa zuwa kashi 15 cikin miliyan tun 2006, na Turai kuma kashi 10 tun 2009, alhali mu ka san irin man da ake zuba wa mota a bakin hanya daga jarka, wani lokaci da ruwa ko kananzir a ciki. Ka haɗa da zafin watan Afrilu a Kano da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu da take toshe matatar iska cikin 'yan makonni, da motar da aka yi ta don ɗaukar kimanin tan ɗaya amma aka jibga mata buhu goma sha biyar na masara. Rarar da kamfani ya bari a jikin injin, wadda mai akwatin yake kallo a matsayin ƙarfin da aka ɓoye, ita ce take ɗaukar nauyin duk waɗannan. A ƙasar da ake da mai mai kyau da sanyi da motar da ke tafiya babu kaya, ana iya gutsurar ta a zauna lafiya. A nan mun riga mun cinye ta tun kafin a ɗaura komai.

Ga masu injin fetur na 2TR mai lita 2.7, waɗanda suke da yawa a hannun ma'aikatu da 'yan kasuwa, magana gajeriya ce. Injin da ba shi da turbo ba a samun wani abin kirki daga gare shi ta wannan hanya, sai dai a gaggauta lokacin tartsatsi, kuma tsarin da aka rubuta don fetur mai lamba 93 a ma'aunin jure ƙwanƙwasa na Amurka, wanda ya yi daidai da kusan 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da nan, ba zai sami irinsa a gidajen manmu ba. Sakamakon shi ne ƙwanƙwasa a cikin inji. Wasu akwatunan ma totur kawai suke wa ƙarya, su sa ɗan taki ya zama kamar babban taki, direba ya ji mota tana zabura ya ɗauka ƙarfin inji ya ƙaru.

Game da tambayarka ta biyu, ban ce haramun ne a taɓa tsarin inji ba, kuma na ga inda aka yi shi da kyau. Amma wanda zai yi shi da gaskiya sai ya fara tabbatar da lafiyar nozul da turbo da matsin silinda, ya auna motar a kan na'urar gwajin ƙarfi kafin da bayan aiki, ya huda salansa ya sa ma'aunin zafin hayaƙi inda direba zai gani, ya canza kuloci, ya kuma ajiye tsarin asali a wuri biyu. Mu ba mu da na'urar gwajin, kuma mai motar da ya zo neman akwatin araha ba zai biya kuɗin sauran ba. Idan muka ɗaura, kuɗin aikin minti ashirin za mu karɓa, ranar da fistin ya tsage kuwa ba sunan wanda ya ƙera akwatin za a kira a tasha ba, sunan garejinmu za a kira.

Gobe da safe, kafin ka taɓa komai, ka kira mai motar ya tsaya a wurin. Ka kashe mota ka cire makulli ka jira ƙwaƙwalwa ta kwanta, kuma kada ka kuskura ka sassauta bututun rel inji yana aiki, domin man da ke fita da wannan matsi yana huda fata. Ka zare akwatin da duk wayoyinsa, ka mayar da soket ɗin asali, ka duba ko an fere waya ko ƙafafun soket sun buɗe, ka sa akwatin a leda ka miƙa masa a hannunsa. Ka rubuta lambobin laifi a takarda kafin ka goge su. Bayan haka ka duba matatar iska da ta mai, ka auna man da kowane nozul yake mayarwa, ka gwada bawul ɗin ƙarshen rel, sannan ka buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki ka ga irin hucin da yake fitarwa. Idan yana busowa da ƙarfi kamar bututun maƙera, kada ka bari motar ta fita, kuma kada ka faɗa masa kuɗin kuloci tukuna. Ka jira ni in dawo ranar Laraba mu auna silinda tare.