Tambaya da Amsa: Yadda za a yi wa durom ɗin banda raga mai jawowa kamar durowa

Assalamu alaikum Malam. Ina da wani durom da na sa aka yanka mun aka kwantar da shi a bayan gida, an yi masa ƙofa a sama da ɗan akwatin wuta a gefe, da shi nake banda nama da kifi musamman lokacin Babbar Sallah. To matsalata ita ce ragar ciki an liƙe ta da walda ne, in zan juya naman da ke can ƙurya sai na zura hannu har gwiwa, layyar da ta wuce sai da bakin ƙofar ya ƙone ni a damtse, ga hayaƙi a ido, kuma raga ɗaya ce ba ta ɗaukar ko rabin rago. Na ga a intanet irin na Amurka ana jawo ragar waje kamar durowar kabad. Za a iya yi mun irin wannan a nawa ko sai na sake sabo? Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ba sai ka sake sabo ba wallahi, aikin yini ɗaya ne wajen mai walda in dai ka je masa da awo daidai, kuma ka san abin da za ka tsaya a kai, don yawanci a wajen awon ake ɓata aikin tun kafin a kunna inji.

Abu na farko ka auna bakin ƙofa, kar ka auna cikin durom ɗin. Mutane da yawa nan suke kuskure, a auna ciki a ga tsawonsa ya kusa santimita 88 in durom ne mai lita 200, a je a haɗo raga mai wannan faɗin, a zo sakawa ta ƙi wucewa ta ƙofa saboda ƙofar ba ta kai ƙarshen durom ba, akwai baki da aka bari hagu da dama. Ragar da za ta fito waje dole ta fi ƙofa ƙanƙanta. Sannan ka duba leɓen ƙofar na ƙasa, in ragarka ta yanzu tana zaune ƙasa da leɓen to sabuwar sai an ɗaga ta sama da shi ko da da ɗan yatsa ɗaya ne, in ba haka ba kana jawowa za ta daki leɓen ta tsaya.

Kuma kar ka manta durom zagayayye ne. A tsakiya faɗinsa wajen santimita 57 ne, amma in ka hau santimita 15 sama da tsakiya ya koma wajen 48, saboda haka raga ta biyu ta sama dole ta fi ta ƙasa gajarta daga gaba zuwa baya, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufu ba. Ni abin da nake cewa kowa ya yi shi ne ya samo kwalin katon ɗin taliya ko na firji, ya yanka shi girman ragar da yake so, ya zura ya jawo, ya rufe ƙofa ya buɗe, inda ya tokare ya rage da almakashi, sai ya yi wa jikin durom ɗin alama da alli. Wannan kwalin shi za ka kai wa mai walda, ya fi duk wani bayani na baki.

Hanyar da ragar za ta riƙa zamewa a kai kuwa, ƙarfen nan mai kusurwa da ake firam ɗin ƙofa da taga da shi ya isa, mai inci ɗaya, kaurinsa milimita 3. Ɗaya a hagu ɗaya a dama, daga bakin ƙofa zuwa ƙurya, kuma a sa musu ma'aunin daidaito don in ɗaya ya fi ɗaya tsayi kitse zai riƙa gangarewa gefe guda. Don Allah kar wani ya ce maka a sa irin layin durowar kabad mai ƙananan boris ɗin nan don ta riƙa tafiya sumul, akwai giris a ciki, wasu har da roba, zafi na taɓa su sun narke, toka da kitse su cike wurin, sati biyu ta daskare. Ƙarfe a kan ƙarfe kawai, kitsen naman da kansa zai zame mata mai.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya wa mai walda ko da zai ce ƙarin kuɗi ne. Ragar da aka ɗora kan ƙarfe biyu kawai, ba abin da ya danne ta ta sama, tana ɗauke da cinyar rago biyu da haƙarƙari, da zarar ka jawo ta ta wuce rabi nauyin ya koma waje, gaban zai yi ƙasa bayan ya ɗaga, naman duka ya zube a ƙasa, ragar mai zafi da kitse mai tafasa kuma a kan ƙafarka, ko a kan yaron da ya zo tsayawa kallo, ka san yara ba sa barin wurin gashi ranar Sallah. Maganinsa a ƙara wani ƙarfen a saman kowane layi, ya zama ragar tana tafiya a tsakanin biyu kamar a cikin kwata. Ba sai ya kai ƙurya ba, daga bakin ƙofa zuwa tsakiya ya wadatar, don nan ne bayan ragar zai ɗaga ya tokare shi. Sannan a huda bayan firam ɗin ragar a ɗaura noti ɗaya mai ɗan tsawo wanda zai daki wani ɗan ƙarfe a kusa da ƙofa, ta yadda in ta fito kamar kashi biyu cikin uku za ta tsaya cak. Noti nake so ba walda ba, saboda ranar wanki ka kwance shi ka zaro ragar gaba ɗaya. Kafin ka biya kuɗin aiki ka ɗora bulo biyu a kai ka jawo ta har ƙarshe a gabansa, in ta lanƙwasa ko ta yi rawa a gyara a nan take.

A bar mata sarari kuma. Ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, mita ɗaya in zafinsa ya ƙaru da digiri 200 yana ƙara fiye da milimita 2, ga dattin kitse da zai taru, ga shi zafi yana ɗan murɗa firam. Masu walda suna son aiki ya zauna cif-cif don ya yi kyau a ido, amma ragar da ta shiga cif da sanyi ba za ta fito da zafi ba. A bar kamar milimita 6 a gefe, haka ma a sama. Jikin durom kuma siriri ne, bai fi milimita ɗaya da ɗan wani abu ba, walda mai ƙarfi huda shi take yi, gara a haɗa firam ɗin layukan a waje a ɗaure shi a jiki da noti da washa.

Wannan dabara ta raga fiye da ɗaya ba a Amurka kaɗai take ba. A Ghana tun 1969 aka fito da murhun bandar kifi da ake kira Chorkor, sunan wata unguwar masunta a Accra, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da cibiyar binciken abinci ta ƙasar suka yi aikin tare da matan wurin, tire-tire ne na katako da raga ake jerawa ɗaya kan ɗaya, wuta ɗaya ta busar da kifi mai yawa da itace kaɗan. Naka ma in ya zama hawa biyu ka tuna sama ta fi zafi, gefen akwatin wuta ma ya fi zafi, sai ka riƙa musanya wuri. Kaza ɗanya kullum a ƙasa, kar ruwanta ya ɗiga kan naman da ya kusa nuna.

Malam ni kuma mijina ya ce zai ciro ragar tsohon firjinmu ya sa, wai girmanta ya yi daidai, ko kuma ragowar wayar kejin kaji da muke da ita. Ya halatta a gasa abinci a kai? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Hajiya ki roƙe shi ya bari, duka biyun ba na wuta ba ne. Ragar firji an lulluɓe ta da roba ko fenti, wasu tsofaffin ma da sinadarin kadmiyam aka shafe su wanda guba ne in ya shiga abinci. Wayar keji kuwa irin mai ƙyallin kwanon rufi ce, an shafe ta da zinki don kar ta yi tsatsa, shi kuma zinki yana narkewa a wajen digiri 420, garwashi ya wuce haka nesa, kuma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, masu walda sun san shi sarai. A sayi ragar baƙin ƙarfe zalla mara shafe, irin mai idanu masu kusurwa huɗu ɗin nan mai kauri, ko a jera rodi siriri da tazarar ɗan yatsa. In da hali a sayi ƙarfen da ba ya tsatsa irin na tukwanen zamani, ya fi tsada amma an huta. Notin da za a ɗaura a ciki ma a duba kar ya zama mai shafen zinki.

Tawa an yi mata layin amma tun da damina ta wuce ta ƙi jawuwa, duk ta yi ja da tsatsa. Daga wani mai karatu a Jos.

Ka hura wuta ta yi ɗumi tukuna, kitsen da ya daskare a layin zai saki, sai ka ɗan bubbuga ta ta baya da katako ka zaro. Ka goge ragar da layin da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka shafe su da man gyaɗa kaɗan da tsumma, ka mayar ka bar wuta ta ci kamar awa ɗaya ba nama a ciki, za ka ga ta yi baƙi tana sheƙi. Kar ka sa baƙin mai ko giris ɗin mota. Bayan kowane gashi ka kwashe toka, don toka in ta sha ruwa ita ke cin ƙasan durom, sannan ka rufe shi da tamfol in ya huce.